Ciwon baya da na wuya: maganin yana cikin motsi

 

Duk inda mata suka taru, biki ne ko suna ko ranar zubi, ki saurara lokacin tashi. Wata za ta dafa gwiwa, wata ta dafa bango, sai ki ji "wash, ƙuguna!" daga kowane gefen tabarma. Mun saba da wannan kukan har mun ɗauke shi kamar gado. Mu ce haihuwa ce, mu ce girma ne. To amma yarinya mai ɗa guda ita ma yau haka take faɗi, kuma akwai mata da yawa da ciwon nan ya raba da tuya, ya raba da kasuwa, ya sa zubin sati ya zama abin tunani. Mafi yawan ciwon baya da na wuya yana da magani, kuma babban maganin ba a kanti ake sayen shi ba. Shi ne motsa jiki na musamman da ke ƙarfafa naman da ke riƙe da ƙashin baya, irin wanda ma'aikatan kine ke koyarwa a asibiti.

Yadda aka gina baya

Ki kai hannu bayanki, ki shafa tsakiya tun daga ƙeya har ƙasa. Ƙulle-ƙullen da kike ji ƙananan ƙasusuwa ne, 33, an jera su ɗaya bisa ɗaya. Guda 7 na wuya ne, 12 na gadon baya inda haƙarƙari ke kamawa, 5 manya na ƙugu, sauran na ƙasa sun manne da juna. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani ɗan faifai na guringuntsi mai taushi a ciki. Aikinsa aikin gammo ne: yana hana ƙashi gugar ƙashi, yana kuma raba nauyi. Ta tsakiyar ƙasusuwan laka ta bi, kuma daga gare ta jijiyoyi ke fita zuwa hannuwa da ƙafafu. Shi ya sa wata matsalar tana ƙugu amma a cinya ko sha-raɓa take jin zafin, wata kuma tana wuya amma yatsun hannu ke mutuwa.

Wannan jerin ƙasusuwan ba ya tsayuwa shi kaɗai. Naman baya, naman ciki, na mazaunai da na cinya su ke riƙe da shi, kamar yadda igiya ke riƙe dirkar rumfa. In igiyar ta yi sako-sako, iska kaɗan sai rumfa ta karkace. Ciki da haihuwa suna buɗa naman ciki su sassauta shi, kuma in haihuwar ta zo kusa da kusa, naman bai gama komawa ba wani cikin ya shiga. Daga nan sai ƙugu ya ɗauki aikin da ya kamata su yi tare.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke nakasa mutane su kasa aiki. Mata sun fi maza yawa a ciki. Amma ga abin da ya kamata ya kwantar mana da hankali: kusan 9 cikin 10 na masu ciwon, in an duba, ba a samun karaya ko wata muguwar cuta. Nama ne da gaɓoɓi suka gaji suka ɗaure. Irin wannan ciwon in ya taso, yawanci yana sauƙi sosai cikin sati 6. Wanda ya wuce wata 3 shi ake kira ciwo mai daɗewa, kuma shi ya fi bukatar kine.

"Ni da ke aiki tun asuba, wane motsa jiki kuma?"

Wannan ita ce tambayar da kowace mace ke yi, kuma tana da gaskiyarta. Ki share gida, ki jawo ruwa, ki yi surfe da daka, ki yi wanki, ga goyo a baya. In damina ce ga gona. Wa zai ce ba ki motsi?

Sai dai ki lura da yadda ayyukan suke. Shara da guntuwar tsintsiya duƙe ake yin ta. Wanki duƙe. Tuƙin tuwo duƙe. Noma da kalme, dashen albasa, tsintar gyaɗa, duk duƙe. Wato jikin yana lanƙwashe wuri guda awa da awa, wani naman yana ja har ya gaji, wani kuma yana kwance bai yin komi. Sai kuma kaya bisa kai. Kan babban mutum wajen kilo 5 gare shi. Bido mai litar 25 in ya cika, ruwan kaɗai kilo 25 ne, nauyin kai sau biyar ke nan bisa ƙasusuwan wuya bakwai ɗin nan. Aikinmu yana gajiyar da baya ta fuska guda. Motsin kine kuwa yana tada naman da ke barci, yana miƙar da wanda ya ɗaure.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗi ba: damuwa da rashin barci suna ƙara ciwo. Matar da ke kwana da tunanin bashi ko na abin da za a ɗora bisa wuta, kafaɗunta a ɗaure suke kwana. Ciwon nata na gaske ne, kada wadda ta ce mata raki ne.

Kwanciya ba ta warkarwa

In ciwo ya taso da ƙarfi, abin da muka sani shi ne a shimfiɗa tabarma a kwanta sai an ji sauƙi. Da can likitoci ma haka suke cewa. Yanzu an gano doguwar kwanciya tana ƙara lalata abin: nama ya saki, gaɓoɓi su sandare, tsoron motsi ya shiga zuciya. In ya kama dole, ki huta yini ɗaya ko biyu, amma kina tashi kina ɗan zagaya tsakar gida. Daga nan ki koma ƙananan ayyuka sannu-sannu, manyan ki bar su tukuna. Ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki gasa wurin kamar minti 15, a shafa miki man kaɗanya a murza a hankali. Gashi da tausa suna sassauta nama, ki samu damar motsawa. Ƙarfi dai ba sa bayarwa, sai motsi.

A watan Disamba na 2023 OMS ta fito da shawarwarinta bisa ciwon ƙugu mai daɗewa. Abin da ta sa gaba shi ne a ilimantar da mai ciwon, a sa shi motsa jiki bisa tsari, a haɗa da tausa in da bukata. Ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar ƙugu irin wadda ake sayarwa, ko na'urar da ke jan baya, ko ƙwayoyi masu sa maye.

Mene ne kine?

Ma'aikacin kine, mace ko namiji, ma'aikacin lafiya ne da ya karanci yadda ƙashi da nama da jijiya ke aiki. Ƴan uwanmu na Najeriya suna ce wa aikin "gashi", shi ya sa wasu ke zaton fitila ce kawai ake haska wa mutum a sallame shi. In kin je, za a tambaye ki irin aikinki da lokacin da ciwon ke tashi. Za a sa ki duƙa, ki miƙe, ki juya, a gwada ƙarfin ƙafafunki da hannuwanki. Sannan a zaɓa miki motsin da ya dace da ke, a koya miki, ki je gida ki riƙa yi. Zaman asibitin kaɗan ne cikin maganin, mafi yawansa a ɗakinki yake.

Ma'aikatan kine ba su da yawa a ƙasarmu, kuma a manyan birane suka fi zama. Manyan asibitoci irin Asibitin Ƙasa na Yamai da na Damagaram suna da sashensu. Hanya ita ce ki fara da CSI ɗinku, majo ya duba ki, in ya ga da bukata ya ba ki takarda zuwa gaba. In kuɗin mota ba zai bari ki yi ta zuwa ba, ki faɗi tun ranar farko. Ki ce a koya miki abin da za ki yi a gida, ki je da ɗiyarki ko wata mai karatu ta rubuta ko ta ɗauka a salula.

Kuma kada ki matsa sai an yi miki radiyo. Yawancin ciwon baya ba ya bukatar hoton ƙashi. Mutum in ya manyanta, hoton yakan nuna ƙashi ya ɗan goge ko da ba ya jin ciwon komi, sai a tsorata a banza. Likita ya san lokacin da hoto ke da amfani.

Motsi biyar na ƙugu

Ba a bukatar komi sai tabarma da minti 10 zuwa 15. Ki yi a ɗaki, da safe ko kafin barci, da zane sako-sako ko wando. Kada ki riƙe numfashi.

Na farko, ki kwanta rigingine, ki lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki ɗaure mara kamar kina jawo cibiya ciki, ki danna ƙugu ya manne da tabarma. Ki ƙirga biyar ki saki. Sau 10.

Na biyu, kina nan kwance, ki kamo gwiwa ɗaya da hannu biyu ki jawo ta wajen ƙirji har ki ji ƙugu ya miƙe. Ki ƙirga ashirin, ki canza ƙafa. Sau 3 kowace.

Na uku shi ake kira gada. Gwiwoyi a lanƙwashe, ki matse mazaunai ki ɗaga su sama har jikinki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa. Ki ƙirga biyar, ki sauko a hankali. Ki fara da 5, in kin saba ki kai 10 ko 15.

Na huɗu, miƙar kyanwa. Ki durƙusa kamar mai rarrafe, hannuwa ƙarƙashin kafaɗu. Ki turo baya sama ya yi doro, kai a sunkuye, sannan ki sake shi ya lotsa kina ɗaga kai kaɗan. Sau 10, ba gaggawa.

Na biyar, kina nan a rarrafen, ki ɗaure mara ki miƙe ƙafa ɗaya baya, kada ƙugu ya karkace. Ki ƙirga biyar, ki canza. Bayan sati biyu ko uku, in kin miƙe ƙafar dama sai ki miƙe hannun hagu gaba tare da ita.

Ki ƙara da tafiya. Tafiyar da ba kaya bisa kai, ba goyo, hannuwa suna lilo, ko ta minti 20 ce. Ziyarar ƴar uwa a wata unguwa ma ta isa.

Na wuya

Ki zauna ko ki tsaya a miƙe, ido yana kallon gaba. Ki ja haɓa baya kamar mai kauce wa hayaƙi, ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Za ki ji ƙeya ta miƙe. Ki ƙirga biyar, sau 10. Sannan ki waiga dama a hankali har inda wuya ya tsaya, ki dawo, ki waiga hagu. Sai ki ja kafaɗu baya kamar za ki haɗa allunan kafaɗa, ki ƙirga biyar ki saki. Na ƙarshe, ki sa tafin hannu a goshi ki tura kai bisa hannun, hannun yana hana shi tafiya. Ki yi haka ta gefen dama, ta hagu, da ta ƙeya. Wannan shi ke ƙarfafa wuyan mai ɗaukar kaya. Masu keken ɗinki, masu saƙa, masu kitso da ƴan matan da ke duƙufa bisa salula, wannan naku ne.

Kada ki bari kowa ya murɗe miki wuya da ƙarfi wai don ya yi ƙara. Manyan hanyoyin jini da ke zuwa ƙwaƙwalwa ta nan suka bi.

Jiki magayi. Ɗan tsamin jiki a kwanakin farko ba komi ba ne. Amma in wani motsi ya sa zafi ya harba zuwa ƙafa ko hannu, ko ciwon ya ƙaru har ya kwana ya wuni, ki bar wannan motsin ki tambayi likita. Mai tsohon ciki kada ta daɗe kwance rigingine. Ita da wadda aka yi wa fiɗa wajen haihuwa su tambayi sajfam kafin su fara. Kuma a yi haƙuri. Nama ba ya ƙarfi cikin kwana uku, sai an yi sati 6 zuwa 12 ana yi. Mu da muka san zubi mun san wannan lissafin: dala ashirin ba komi ba ce ranar da aka zuba ta, sai ranar rabo ake ganin ta. Wadda ta ji sauƙi ta daina, ciwon yana hanya.

Gyaran aiki

Ba wadda za ta bar aiki, amma ana iya sauya yadda ake yin shi. A sa wa tsintsiya doguwar ƙota. Bahon wanki a ɗora shi bisa dakali ko turmin da aka kife, ko a zauna bisa kujera ƴar tsugunno a jawo shi kusa. In kin daɗe a duƙe, ki miƙe, ki riƙe ƙugu da hannu biyu, ki ɗan gantsare baya sau biyar kafin ki koma. In za ki ɗauki abu mai nauyi, ki matso kusa da shi, ki tsugunna, ki rungumo shi jikinki, ki tashi da ƙarfin cinyoyi, kuma kada ki murɗa ƙugu kaya yana hannu. Ki juya da ƙafafu. Bido ko buhu, ki kira a aza miki, ki kira a sauke ki. Sawu biyu da rabin kaya ya fi sawu ɗaya da zai kwantar da ke sati guda. Wajen jan guga da daka, a riƙa karɓa-karɓa.

Goyo a ɗaure shi sama, ya manne da baya, kada ya yi reto bisa ƙugu. Wajen ba da nono ki jingina, ki sa matashi ki ɗago yaron, kada ke ki duƙa masa. Wajen barci, in a gefe kike kwana ki sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyi, na kai kuma kada ya yi tudu.

Sai ɗiyanmu mata. Ƴar shekara goma da bidon manya bisa kai, wuya yana rawa, muna kallo muna cewa ta iya aiki. Ƙashinta bai gama ƙosawa ba. A ba ta daidai ƙarfinta.

Maganar ƙwayoyi

Mai tallar magani yana zuwa har ƙofar gida, ya haɗa ja da fari da kore ya ce na ciwon jiki ne. A cikinsu sau da yawa akwai diklofenak ko ibuprofen. Waɗannan magunguna ne na gaske, likita ma yana rubuta su na ƴan kwanaki. Amma shan su kullum, balle da yunwa, yana kawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda, yana tada hawan jini, kuma yana da haɗari ga mai ciki. Tramol kuwa kama mutum yake. Yau ɗaya, gobe biyu, har ya zama in ba a sha ba ba a iya tashi. Ƙwaya tana rufe bakin ciwo ne, sai ki koma ki ɗora wa bayan abin da ya fi ƙarfinsa ba ki ji ba. In za a sha magani, a karɓo a likita ko farmasi, a sha yadda aka ce, don a samu sauƙin yin motsi.

Alamun da ba a jira

Akwai ciwon bayan da ba na gajiya ba ne. Wannan ba a yi masa motsa jiki, ba a kai shi wurin wanzami ko maɗori. Likita ake nufa, ranar.

In fitsari ko bayan gida ya riƙa zubowa ba ki sani ba, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu kamar ba jikinki ba, jijiyoyi ne suka matse, kuma jinkiri yana iya barin nakasa ta har abada. Haka in ƙafa ko hannu yana rasa ƙarfi, kina jan ƙafa ko abu yana suɓuce miki.

In wuya ya sanƙare tare da masassara mai zafi, ciwon kai da amai, musamman daga hunturu zuwa bazara, a yi zaton sanƙarau. Ba a kwana da shi a gida, babba ne ko yaro.

In ciwon baya ya daɗe tare da rama, zufar dare, masassarar yamma ko tari, ko wani ƙullutu ya fara fitowa a gadon baya, a auna tarin fuka. Yana kama ƙashin baya, kuma yana warkewa in an fara magani da wuri.

Ciwon gefen baya da masassara da zafin fitsari yana iya zama ƙoda. Ciwon da ya biyo faɗuwa daga amalanke, daga kabu-kabu ko bisa icce, a duba karaya. Tsohuwa ko ƴar ƙaramar faɗuwa ce. Mai ciki in ciwon ƙugu yana zuwa yana komawa, ko ga jini ko ruwa, sai wurin sajfam. Mai amosanin jini, da wadda aka taɓa yi wa maganin ciwon daji, su ma kada su jira.

Abin da ƙungiya za ta iya

Motsa jiki ke kaɗai yana da wuyar ɗorewa. Mu kuwa muna da abin da mutane da yawa ba su da shi: muna haɗuwa kowane sati, a cikin gida, mu kaɗai mata. Minti 10 kafin a buɗe akwati sun isa a yi na wuya da na kafaɗu da gantsarewa, kowa a tsaye, a yi dariya a wuce wurin. Wadda ta je kine ta nuna wa saura abin da ta koyo, amma a tuna wanda aka zaɓa mata don ciwonta ba lalle ya dace da kowa ba. Ana iya gayyato majo ko sajfam wani zama a yi musu tambayoyi. Kuɗin taimako da muke ajewa don rashin lafiya, a yarda ya shafi kuɗin motar wadda aka tura babban asibiti don bayanta, tun ba ta kwanta ba. Ƙungiyar da ke tunanin abin da za ta saya na haɗin gwiwa kuma, injin niƙa ko amalanken ɗaukar ruwa, ta sa lafiyar bayan mambobi cikin lissafin riba.

Ki karanta wa wadda ba ta karatu wannan takarda, musamman wurin alamun da ba a jira. Yau da dare kuma ki shimfiɗa tabarma ki gwada na farko da na uku, ko sau biyar-biyar ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya. Sai fitowa ta gaba.